Waƙar Kaka: Littafin Aikina na Wannan Zango

Talata, 14 ga Janairu, 2025

Yau Malam ya raba mana aikin zango a darasin Nazarin Rubutacciyar Waƙa. Kowa zai ɗauki waƙa guda ya feɗe ta: jigo, zubi da tsari, salo, sannan kari, wato ma'aunin da aka ɗora waƙar a kai. Shafi ashirin, a miƙa kafin jarrabawa. Tun ba a fita daga aji ba yawancinmu suka zaɓa, kuma kusan kowa ya nufi waƙoƙin da aka riga aka buga, irin na Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, waɗanda kundaye a kansu ke nan jibge a laburare. Ni kuwa wata waƙa ce ta daban take ta yawo a kaina, wadda kakata ke rerawa bayan sallar asuba, tana zaune bisa buzu, tasbaha a hannu. Da ita na tashi. Ina ƙarama ban san me take cewa ba, na dai san in aka zo wurin kabari muryarta takan yi ƙasa, ni kuma in ƙara shigewa cikin zanenta.

Na bi Malam ofis na gaya masa. Ya ce, "Malama, darasin nan na rubutacciya ne. Ta kakarki ba waƙar baka ba ce?" Na ce, Allah ya gafarta Malam, babu kiɗa, babu 'yan amshi, tana buɗewa da sunan Allah da salatin Annabi, kuma kullum baiti ɗaya ne ke bin ɗan'uwansa ba sauyi. Ya yi shiru kaɗan, ya ce waɗannan alamun rubutacciya ne, sai dai ta daɗe tana zaune a baki. Ya yarda, bisa sharaɗin in kawo muryar tare da rubutun.

Asabar, 25 ga Janairu

Na iso ƙauyenmu jiya da la'asar, cikin hazo. Daga Wurno babur na hau, fadama duk ta yi kore da albasa da tafarnuwa. Kaka na ganina ta ce, "Kishiyata, mi ya kawo ki ba hutu ba?" Da na faɗa mata, sai ta riƙe haɓa: "Yanzu waƙat tsohhi aka karantawa ga jami'a?"

Ba ta yarda ta yi mini ita da daddare ba. Ta ce wagga waƙa tana da lokacinta. Sai yau da asuba, bayan ta idar da lazimi, na ajiye waya kusa da gwiwarta, ta fara. Minti goma sha tara. A ciki akwai carar zakara, akwai tarinta sau uku, akwai ƙarar turmin maƙwabta wajen ƙarshe. Na ƙirga baiti 41, kowanne ɗango (layi) biyu, wato ƙwar biyu ke nan, kuma kowane baiti yana ƙarewa da "ya". A baiti na 41 ta tsaya cak. Na jira. Ta ce, "Nan ta ɓace man. Da akwai saura, Goggona na kai ta har ƙarshe." Ta daɗe tana kallon bango, leɓɓanta suna motsi, amma ba abin da ya fito.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Kwana biyu ina juyar da muryar zuwa takarda. In saurari ɗango, in tsayar, in rubuta. Ɗango 82 sun cika shafi shida na littafin rubutu. Akwai kalmomi bakwai da ban gane ba, na bar gurbinsu.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mako biyu ke nan muna kan aruli, wato ilimin auna karin waƙa, kuma shi ne sashen da 'yan aji suka fi kuka da shi. Ni ya burge ni. Halilu ɗan Ahmad, mutumin Basra, shi ya tsara wannan ilimi a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15 daga waƙoƙin Larabawa, daga baya aka ƙara na 16, Mutadarak. Malaman ƙasar Hausa da suka ƙoshi da waƙoƙin Larabci sai suka ɗora Hausa a kan waɗannan ma'aunai, ta kuwa zauna daram, domin harsunan biyu duk suna bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Baƙi da gajeren wasali, gaɓa marar nauyi ce. Baƙi da dogon wasali, ko gaɓar da ta rufe da baƙi, mai nauyi ce. Iyakar ƙa'idar ke nan, sauran duk aikin kunne ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Malam ya rubuta "gari" a allo ya ce a karanta. Rabin aji suka ce garin da ake zama, rabi suka ce garin tuwo. Na farko gaɓarsa ta farko gajera ce, na biyu doguwa, amma a takarda kamarsu ɗaya. A ajami ba haka ba ne, alif da wawu da ya suna tsaye suna nuna inda aka ja. Wato mawaƙin da ya rubuta da ajami ya bar wa mai karatu rabin karin a kan takarda, mu kuwa 'yan boko sai mun furta kalma tukuna mu san nauyinta.

Da dare na zauna na yanka waƙar Kaka ƙafa-ƙafa. Tun a baitocin farko na ga Mutaƙarab ce: fa'ulun, wato marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu, sau uku, sannan ƙafa ta huɗu a gutsure. Na yi murna ƙwarai. Sai dai da na ci gaba, murnar ta ragu. Ko'ina zihafi. Ƙafar da ya kamata ta zama fa'ulun sai ta koma fa'ulu, gaɓar ƙarshe ta yi sauƙi. Aruli ya halatta wannan, amma a ɗango 57 cikin 82? Na rubuta a daftarina cewa mawaƙin ya san kari amma bai riƙe shi da kyau ba, ya dogara da sassauci fiye da kima. Na rubuta hakan zuciyata ba daɗi, domin ji na yi kamar na kama wani dattijon gidanmu da laifi.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na kai wa Malam daftarin. Ya karanta shafin farko na matanin, ya ɗago kai ya ce, "Kakarki mutuniyar ina ce?" Na ce ƙasar Wurno, can aka haife ta, can ta tsufa. Ya ce, "To ya aka yi take waƙa da Hausar Kano?" Ya sa na kunna muryar. Muka saurari baiti ɗaya, ya ɗora yatsa a kan layin da na rubuta, bai ƙara cewa komai ba.

Ni ce na sauya mata harshe. Duk inda ta ce "sunka" na rubuta "suka". Inda ta ce "yat tahi" na rubuta "ya tafi". "Anka" ta koma "aka", "hwaɗi" ta koma "faɗi". Kuma ban san ina yi ba. Kunnena yana jin Sakkwatanci, hannuna yana rubuta Daidaitacciyar Hausa, kamar yadda aka hore shi tun firamare.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na sake juyar da waƙar tun daga farko, wannan karon ina maimaita kowane ɗango da bakina sau uku kafin alƙalami ya taɓa takarda. Ga ɗangon da ya fi nuna mini ɓarnar da na yi. A rubutuna na farko cewa na yi:

Da dai suka kwanta, ƙasa ta rufe

Abin da Kaka ta rera kuwa shi ne:

Da dai sunka kwanta, ƙasa tar rufe

In aka yanka na biyun, ga yadda yake faɗuwa: da-dai-sun / ka-kwan-ta / ƙa-sa-tar / ru-fe. Fa'ulun uku cikakku, sai gutsuren ƙarshe. Ba inda ya yi ɗingishi. A nawa rubutun, "su" ta maye gurbin "sun", "ta" ta maye gurbin "tar", gaɓoɓi biyu masu nauyi suka zama marasa nauyi, na haifar da zihafi biyu a ɗango ɗaya na kuma ɗora wa mawaƙin. Bayan na gama sabon yanka, ɗangon da ke da zihafi ya sauko daga 57 zuwa 14, kuma sha huɗun nan yawancinsu a wuraren da kalmar Larabci ta shigo ne. Mutumin nan gwani ne. Na cire waccan jimlar daga daftarin.

Akwai wani abu ma da ya fi wannan. A bakin Kaka "suka" kalma ce mai zaman kanta, ma'anarta "suke". In ta ce "abin da suka yi", nufinta abin da suke yi yanzu. In abin ya wuce, "abin da sunka yi" za ta ce. Saboda haka ba kari kaɗai na taɓa ba, a wurare biyu na mayar da abin da ke gudana ya zama abin da ya shuɗe. Ɗaya daga cikinsu baitin da ke magana a kan masu tauye mudu ne. Mawaƙin yana nufin mutanen da yake gani a kasuwa ranar da yake rubutu, ni kuma na mayar da su mutanen da.

Tun ranar Laraba nake tunanin yadda na zo nan. A shekarata ta farko a ɗakin kwanan ɗalibai na ce "mi kac ce?" aka yi ta maimaita mini har ƙarshen zango. Ba da mugunta ba ne, amma daga nan na fara tace bakina. Ban ƙi Daidaitacciyar Hausa ba, da ita nake wannan rubutun, kuma ba don ita ba da littafin Zariya bai karantu a Damagaram ba. Amma waƙa da sautin bakin mai ita aka gina ta. Wanda ya daidaita mata harshe ya zare mata tubali ne daga gini, ko da niyyarsa gyara ce. Yanzu in na buɗe tsofaffin waƙoƙin da aka buga da boko, nakan tsaya in tambayi kaina hannu nawa suka bi kafin su iso gare ni, kuma kowane hannu me ya gyara.

Kalmomi bakwai da na bar gurbinsu: huɗu sun fito da kansu da na daina jiran in ji su da Hausar makaranta. Biyu na same su a ƙamusun Bargery na 1934, wanda ke nuna tsawon wasali, yana kuma sa alama a kan kalmomin Sakkwato da na Katsina. Ɗaya ta rage.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, karatu ya koma bayan sahur. Wannan makon a kan mawallafi na tsaya.

Kaka ta ce daga goggonta ta koya, ita kuma goggon tana cikin matan da ke bin jaji zuwa ɗaukar karatu. Da jin haka zuciyata ta tafi wurin Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ita ta kafa tsarin 'yan taru: takan naɗa dattijuwa mai hankali ta zama jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauyuka suna zuwa ɗaukar karatu, su koma gida da waƙoƙi a ka suna koya wa na baya. Ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin. Wato hanyar da waƙar nan ta bi ta iso ɗakin Kaka, hanyar Nana ce. Na so ƙwarai a ce waƙar ma tata ce. Na kwana biyu ina jin daɗin wannan tunani.

Amma so ba hujja ba ne. Mawaƙan wancan zamani sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe, wani lokaci har da ramzi, wato shekarar da aka yi waƙar a dunƙule cikin haruffa. Waɗannan baitocin su ne suka ɓace wa Kaka. Sannan a baiti na 23 akwai kalmar "kwabo", inda ake cewa mai dukiya zai tafi bai ɗauki ko kwabo ba. A zamanin Nana da wuri ake ciniki. Kwabo kuɗin Turawa ne, su kuwa sai a 1903 suka ci Sakkwato, kusan shekara arba'in bayan rasuwarta. Na kai wa Malam wannan ina ganin na gama magana. Ya ce in yi hattara ta ɗaya gefen ma: waƙar da ke yawo a baki takan sauya tufafi, mai yiwuwa wata tsohuwa ce ta cire "wuri" ta sa "kwabo" don yaran zamaninta su gane. Kalma ɗaya ba ta isa ta tsayar da shekarun waƙa ba. Abin da zan rubuta shi ne abin da ke hannuna: waƙar wa'azi ce, cikin karin Mutaƙarab, da Hausar Sakkwato, ta zo ta hannun matan 'yan taru, sunan mai ita bai iso gare mu ba.

Litinin, 17 ga Maris

Na gama babin jigo da na salo. Tsarin littafin Abdulƙadir Ɗangambo, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, na bi, kamar kowa a ajin. Jigon bai ba ni wahala ba: tuna mutuwa da gudun ruɗin duniya. Warwararsa ce ta ci lokaci, domin waƙar ba ta tafiya a miƙe. Takan fara da duniya, ta shiga kabari, ta dawo kasuwa wurin masu tauye mudu, ta koma kabari, ta fito ta shiga tsakar gida wurin kishiyoyi masu gaba da juna. Da farko na ɗauka baitocin ne suka hautsine a bakin masu haddacewa. Da na jera su a kan tabarma, kowanne a 'yar takardarsa, sai na ga duk lokacin da ta ambaci wani laifi, baitin da ke biye kabari ne. Da gangan aka yi. Ana nuna wa mai sauraro aikinsa, a nuna masa makwancinsa, a sake nuna masa wani aikin.

Wata ƙawata da ke karanta harhaɗa magunguna ta gan ni da takardun nan a baje, ta ce, "Ke da aka haifa cikin Hausa, me ya rage miki da za ki shekara huɗu kina karantawa?" Tambayar nan na sha jin ta, daga kawunnai har direban mota. Da nakan yi dogon bayani. Ranar sai na kunna mata baiti uku, na nuna mata yadda ƙafafun ke faɗuwa, ta buga da yatsa a gwiwa ta ji sun zauna. Ta ce ita ma kakarta tana da irin wannan, ta rasu bara, ba wanda ya ɗauka.

Wani tsoro da na shiga darasin nan da shi, kada feɗewa ta kashe mini waƙar. Kalmar ma kanta daga mahauta aka aro ta. Na ji tsoron ranar da zan saurari Kaka in riƙa jin fa'ulun fa'ulun maimakon muryarta. Hakan ya faru, na kusan mako biyu. Daga baya ya wuce. Jiya bayan tarawihi na kunna ta ba takarda a gabana, da aka zo "ƙasa tar rufe" sai da na yi hawaye, kuma yanzu na san abin da ke sa muryarta yin ƙasa a wurin: ƙafar ƙarshe gutsurarriya ce, ɗangon yana yankewa kafin kunne ya gama jiransa.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na yi Sallah a ƙauye. Ranar Talata da hantsi na zauna gaban Kaka na ce zan karanta mata abin da na rubuta, ta gyara mini. Ta ce, "Zamna da kyau, ba a karanta ta a tsugune." Na fara. Ba ta bari na yi nisa ba ta ce, "Ba haka nic ce ba. Ki ja shi." Wasalin da na gajarta ne a baiti na 6. Ta tsayar da ni sau biyar, kuma da na koma kan lissafina daga baya, uku daga cikin biyar ɗin wuraren da na sa wa alamar zihafi ne. Sha huɗu sun koma sha ɗaya. Kaka ba ta taɓa jin sunan Halilu ba, ba ta san Mutaƙarab ba, amma in ƙafa ta gurgunce tana ji a jikinta tun kafin in kai ƙarshen ɗangon.

Kalmar nan ɗaya da ta rage, ta fassara mini ita: sunan wani ƙaramin kwando ne da ake auna hatsi da shi a da, ta ce rabonta da ganinsa tun tana amarya.

Da na kai baiti na 41 na yi shiru, sai kawai ta ɗora. Baiti biyu sababbi suka fito, a jere, ba tangarɗa. Ita kanta ta yi mamaki, ta ce jin ta a bakin wani ne ya jawo su. Na lalubo waya da sauri na roƙe ta ta maimaita. Yanzu muna da 43. Na biyun yana farawa da neman gafara ga mai waƙar da iyayensa, alamar ana gab da rufewa ke nan, kuma a irin wannan wuri ne suna yakan fito. Ta yi ta ƙoƙari har azahar, na ga ta gaji, na ce mu bari.

Da zan tafi ta ce akwai wata tsohuwa a wani ƙauye gaba da Rabah, tare suka koya wurin Goggo suna 'yan mata, ta fi ta riƙe abu. Shekara shida rabon da ta ji labarinta.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na miƙa aikin jiya, shafi 24, da matanin baiti 43 cikin Sakkwatanci yadda aka rera shi, da jerin kalmomi a ƙarshe don wanda bai saba da karin harshen ba. Na saka shafi guda na bayyana kuskuren juyawata ta farko da yadda ya sauya lissafin karin, domin Malam ya ce wannan ma sakamakon bincike ne. Ya kuma ce in ina so, waƙar za ta iya zama kundina na aji huɗu, in har an samu ƙarshenta, ko aka dace da takardar ajaminta a wani gida.

Kawuna ya yi magana da wani mai kai albasa kasuwannin wajen Rabah. Ya dawo da labarin tsohuwar tana nan da rai, idonta ya tafi amma kanta garau, tana zaune wurin ɗanta. Jarrabawa za ta ƙare ƙarshen wata. Na ce wa kawu ya nema mini mai babur da ya san hanyar, mu tafi kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci. Kaka ta ce in za ni, in riƙa mata goro da turare, in kuma ce da ita 'yar Goggo tana gaisuwa.